Kalma da Nahawu Jini da Tsoka Ne, a Daina Raba Su a Aji

'Yan'uwa malamai, akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a azuzuwan harshe na makarantunmu, tun daga Birnin Kebbi har Argungu, ta daɗe har ido ya daina ganinta, kamar yadda mai ɗaki yakan daina ganin tsagewar bangonsa. Al'adar kuwa ita ce raba darasin harshe gida biyu: yau ranar kalmomi, jibi ranar nahawu. Ran Litinin a cika allo da kalmomin Turanci ashirin, kowace da ma'anarta a gabanta, yara su kwafe, su haddace. Ran Laraba a dawo, wani lokaci ma wani malamin dabam ne zai shigo, a rubuta ƙa'idar lokutan aikatau da misalai uku waɗanda babu ko ɗaya daga kalmomin Litinin a cikinsu. Ran Juma'a a ce yaro ya rubuta wasiƙa, sai a tarar kalmomin suna wannan kwando, ƙa'idojin suna wancan, shi kuwa yana tsakiya hannu rabbana. Sa'an nan a ɗauki jan biro a yi wa takardarsa jina-jina, a ce yaran yanzu ba su da ƙwaƙwalwa.

Mu a wannan reshe mun ce ƙwaƙwalwar yaranmu lafiyarta lau. Abin da ke da ciwo shi ne tsarin aikin zango da ya ware wa kalmomi gurbi, ya ware wa ginin jumla wani gurbi, da kuma salon duba aikin malami da ya mayar da wannan rabo tamkar farilla. Iyakar da aka shata tsakanin kalma da nahawu a takarda kawai take. A cikin harshe, kowane harshe, ba a taɓa samunta a tsaye wuri ɗaya ba.

Ba sai mun je nesa neman hujja ba, tana bakinmu. Ɗauki kalmar «sha». A jerin kalmomi za a ce ma'anarta kai ruwa ciki, shi ke nan an gama da ita. To, wanda ya sha wahala fa, da wanda ya fita shan iska, da wanda ya sha alwashi, da wanda ya sha kashi? A ce waɗannan duk karin magana ne, a bar su a kwandon kalmomi, mun yarda. Amma in uba ya ce wa ɗansa «na sha gaya maka», ina ruwa, ina maƙogwaro? A nan «sha» ta tashi daga aikinta na fari ta koma nuna maimaituwar aiki, wato ta zama nahawu tsantsa. Haka «taɓa» take a cikin «na taɓa zuwa Yawuri», inda babu hannun da ya kai ga komai. Haka kuma kai da ciki da baya da gaba da baki: sunayen sassan jiki ne, amma su ne dai muke ji a «kan tebur» da «cikin gida» da «bayan sallah» da «gaban alƙali» da «bakin gulbi». Muna son wanda ya tsara jadawali ya gaya mana, «bayan» ran Litinin za a koyar da ita ko ran Laraba?

Malaman Hausa da ke koyar da yaran da ba da Hausa suka buɗe baki ba, 'ya'yan Dakarkari daga ƙasar Zuru, da na Kambari daga ƙasar Yawuri, da na Zabarmawa da Dandawa da Fulani, sun fi kowa sanin wannan. An ce sunan da ya ƙare da wasalin «a» mace ne. Madalla. Sai ga gida, ga ruwa, ga nama, ga suna, ga wata, duk maza. An ce ga yadda ake jam'i, sai kifi ya ba da kifaye, jirgi ya ba da jirage, kogi ya ba da koguna, gulbi ya ba da gulabe, alhali dukkansu da wasali ɗaya suka ƙare. Babu ƙa'idar da za ta fid da yaro a nan, sai dai ya karɓi kowace kalma tare da jinsinta da jam'inta, kamar yadda ake karɓar amarya da kayan ɗakinta. Shi ya sa tun ƙamusun Bargery na 1934 ba a kawo suna tsirara, sai an nuna jinsinsa da jam'insa. Abokan aikinmu masu koyar da Faransanci, a jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin, ba su taɓa rubuta suna a allo ba tare da «le» ko «la» a gabansa ba, kuma babu wanda ya zarge su da cakuɗa darasi.

Inda maganar ta fi armashi shi ne aikatau. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa rukuni bakwai, gwargwadon wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma har yau da wannan kaso ake karantar da ɗalibanmu na Hausa a manyan makarantu. Daga tushe ɗaya Bahaushe yake fid da fita da fito da fice da fitar. Daga tushe ɗaya yake samun saya da sayar, koya da koyar, ci da ciyar. Bature kuwa sai ya nemo kalmomi biyu waɗanda ba su haɗa dangi ba: «buy» da «sell», «learn» da «teach», «eat» da «feed». Abin da yake nahawu a Hausa ya zama kalmomi a Turanci. To, ga asalin wata ɓaraka da kowane malamin Turanci a jihar nan ya gaji da ja wa layi. Bahaushe yana cewa «na ari littafi», yana kuma cewa «na ara masa littafi», tushe ɗaya, ginin jumla ne ya bambanta mai karɓa da mai bayarwa. Saboda haka in yaro ya ce wa abokinsa «borrow me your pen», tunaninsa daidai yake tafiya, bisa hanyar harshen uwarsa. An ba shi «borrow» a jeri, an rubuta «aro» a gabanta, an ba shi «lend», an sake rubuta «aro». Ba a nuna masa cewa ta farko da «from» take tafiya, ta biyu kuma da «to» ko da mutum kai tsaye ba, domin wannan wai maganar Laraba ce. Ran Laraba kuwa ana can ana fama da wata ƙa'ida dabam.

Irin wannan ɓaraka ba ta ƙirguwa. Yaro ya san ma'anar «discuss» sarai, amma zai liƙa mata «about», domin a Hausa a kan abu ake tattaunawa. Ya san «advice» da «information» da «furniture», amma zai yi musu jam'i, domin shawarwari da bayanai da kujeru duk suna jam'uwa a bakinsa. Ya san «enjoy», bai san ba ta karɓar «to» a bayanta ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba rashin sanin ma'ana ba ne, ba kuma rashin sanin babbar ƙa'ida ba ne. Ɗabi'ar kalmar ce ba a koya masa ba: da wa take zama, me take ja a bayanta, me take ƙi.

Abin takaici ma, manhajar Turanci ta WAEC ta sa kamun kifi cikin fannonin da ake son ɗalibi ya san kalmominsu. A ce yaron Argungu, wanda ya tashi yana ganin gora da homa, garin da bikin kamun kifinsa ya samo asali tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ai nan ne fagensa. Amma me ake ba shi? «Net», «hook», «bait», «canoe», a jere kamar kayan koli. Ranar da aka ce ya ba da labarin abin da ya gani a Matan Fada, sai ya rasa aikatau ɗin da ake jefa taru da shi, ya rubuta «go to fishing», ya sa «catched», ya ƙirga «fishes» ɗari. Da an ba shi «cast a net» da «bait a hook» da «go fishing» da «caught a big fish» a dunƙule tun farko, da ya sami kalma da nahawunta a loma ɗaya, kuma da lokacin da aka ci bai wuce na jerin ba.

Wani zai ce wannan rigimar Hausa da Turanci ce kawai. To, mu leƙa harshen da ba shi da dangantaka da ko ɗayansu, wato Japananci, wanda masu koyonsa a duniya suka daɗe suna tuntuɓe da wannan dutse. Mai koyo yakan sayi littafin kalmomi dabam, na nahawu dabam, bai yi nisa ba sai ya ga abu ɗaya yana fito masa a littattafan biyu. «Miru» gani ne, tana cikin kalmomin farko da ake haddacewa. Amma in ta bi bayan wani aikatau sai ta koma nufin gwadawa, «tabete miru», wato ci ka gani. «Shimau» ajiyewa ce ko kammalawa. In ta bi bayan aikatau sai ta nuna abu ya riga ya auku, sau da yawa tare da nadama. Wannan ai ita ce «sha» ɗinmu da «taɓa». Suna da «ue» da «naka» da «mae» da «ushiro», wato sama da ciki da gaba da baya, sunaye ne cikakku, kuma da su ake cewa kan tebur da cikin ɗaki, sai dai su tebur suke fara ambata. Suna da tagwayen aikatau irin namu: «waru» fasa, «wareru» fashe, «akeru» mutum ya buɗe ƙofa, «aku» ƙofa ta buɗe. Wanda ya haddace tagwayen a jeri bai san cewa na farko da ɗan harafin «o» yake tafiya, na biyu da «ga» ba, bai iya ko ɗaya ba. Bahaushen da ya san bambancin «ya fasa tulu» da «tulu ya fashe» ya riga Bature fahimtar wannan babi.

Su ma masu harshen sun san da haka. Jarrabawar ƙwarewa a Japananci da ake yi wa baƙi, wadda aka fara a 1984, aka sake mata fasali a 2010 zuwa matakai biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1, ba ta ba kalmomi makinsu dabam, nahawu nasa dabam. Ta haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, sanin harshe, makinsu kuma a tukunya ɗaya ake zuba shi. A matakai biyu na ƙasa ma har da karatu ake haɗawa. Turawan Ingila su ma da suka sa kwamfuta ta tace musu miliyoyin kalmomi a Jami'ar Birmingham, aikin da John Sinclair ya jagoranta har ya haifi ƙamusun COBUILD a 1987, abin da suka tarar ke nan: kowace ma'ana ta kalma tana da irin ginin jumlar da take zama a ciki, in ginin ya sauya ma'ana ta sauya.

Amma mu mutanen ƙasar Gwandu da Kabi, ba sai Japan ko Ingila sun yi mana fatawa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan Gwandu, yana cikin manyan masana Larabci da ƙasar Hausa ta taɓa fitarwa. Masu son rabo za su yi wuf su ce ai shi ma ya raba, tun da ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, ya wallafa Hisnur Rasin a kan sarfu. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ƙone littafin nahawu ba. Rumbu dabam, tukunya dabam: a ajiye gero a nan, wake a can, amma in an zo ci sai an haɗa. A duba yadda shi kansa ya yi karatu. A cikin Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka wurinsu, ya ambaci Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Shu'ara'u tare da Ajurumiyya da Mulha da Ƙaɗrun Nada a cikin abin da ya karanta gaban yayansa Shehu Usmanu. Wanda duk ya zauna zaure ya san yadda ake wannan karatu har gobe. Almajiri ya ja baiti, malam ya fassara kalma bayan kalma, a cikin fassarar nan kuma yana nuna wane ne mai aiki, wa aka yi wa, me ya sa wannan ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki fataha. Lugga da i'irabi a numfashi ɗaya suke fita. Malamin zaure ba zai taɓa ba ka «ragiba» ita kaɗai ba, don ya san in ta ɗauki «fi» so ne, in ta ɗauki «an» ƙi ne. Ba zai ba ka «da'a» ya yi shiru ba, don «lahu» addu'ar alheri ce, «alaihi» kuwa mugun baki. Harafi ɗaya ne tsakanin albarka da la'ana, ina wanda zai ce a dakata da shi sai Laraba? Da wannan hanya aka yaye mutanen da suka rubuta littattafai da waƙoƙi cikin harshen da ba na uwarsu ba, a zamanin da babu allon bango, babu alli, babu albashi.

Hujjar da aka fi kawo mana ita ce jarrabawa. Ana cewa takardar farko ta Turancin WAEC tambayoyi 80 ce, 40 na kalmomi, 40 na ginin jumla, saboda haka dole a koyar yadda za a tambaya. Mu ma muna shiga ɗakin jarrabawa sa ido, mun kuma san takardar. Tambayoyin da ake kira na kalmomi a cikin jumla suke zuwa, an bar gurbi, an jera kalmomi masu kusancin ma'ana, wadda ta dace da maƙwabtanta ita ce amsa. Waɗanda ake kira na ginin jumla kuwa, da yawansu tambaya ce a kan ɗan harafin da wata kalma takamaimai take ja. Wato ko a inda aka raba su da suna, a aikace a haɗe suke. Ban da haka, takardar nan maki 40 take ɗauka, alhali ta biyu, mai insha'i da fahimta da taƙaitawa, tana ɗaukar 100, insha'i kaɗai 50. A insha'in kalmomi 450 babu gurbin cikewa, babu zaɓi huɗu, yaro ne da farar takarda. Wanda ya ce don jarrabawa yake rabawa, ya sayar da saniya ya sayi igiya.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma daga cikinmu take fitowa: aji ya cika ya batse, littafi bai ishi yara ba, malami ɗaya yana zagaya azuzuwa tun safe har azahar, jerin kalmomi a allo shi ne abin da ƙarfinsa zai kai. Wannan kuka gaskiya ne, ƙungiya kuma ba ta daina yinsa ba, ba za ta daina ba. Sai dai abin da muke kira a yi bai fi jerin tsada ba. Maimakon kalma ashirin tsirara, a rubuta takwas, kowace cikin gajeriyar jumla, a ja layi ƙarƙashin abin da take ja. Allin da za a ci ɗaya ne. Takwas ɗin da yaro zai iya sa wa a magana sun fi ashirin ɗin da zai rera kamar karatun aku ya watsar kafin ya kai gida. Gyaran littattafan yara ma sauƙi yake yi, domin rabin jan biron da ake zubarwa a kan kurakuran nan ne na ɗabi'ar kalma.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, malamai da dama sun san duk wannan, sun kuma gwada, sai takarda ta tare musu hanya. Mambobinmu sun sha kawo ƙorafin cewa mai duba aiki ya buɗe shirin darasi, ya ga an rubuta kalmomin kasuwa a matsayin batu, ya ga a ciki an taɓo «some» da «any» da «how much», sai ya rubuta cewa malami ya kauce wa tsarin zango. Yaya za a koyar da cinikin shinkafa da man gyaɗa ba a taɓo abin da ake ƙirgawa da abin da ake aunawa ba? Malamin da ya bi takarda ya bar yara a duhu ya sami yabo, wanda ya bi harshe ya sami gargaɗi. Wannan ya wuce maganar hanyar koyarwa, ya zama maganar ko an ɗauki malami ƙwararre mai hukunci a ajinsa, ko kuwa magatakarda mai cike gurabe. A wasu makarantun kuma, musamman manya, an kasa Turancin aji ɗaya tsakanin malamai biyu ko uku, wannan nahawu, wancan fahimta da kalmomi, ba su san inda juna suka kwana ba. A takarda rabon aiki ne. A wurin yaro kuwa harsuna uku ne ake koya masa da suna ɗaya.

Abin da reshe yake nema ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Muna son hukumomin ilmi na jiha su ba da umarni a rubuce cewa shirin darasin da ya haɗa kalmomi da ginin jumla a batu ɗaya karɓaɓɓe ne, domin masu duba aiki su daina ɗaukarsa laifi. A kuma bar Turancin kowane aji a hannun malami ɗaya. Gwajin da ake yi cikin zango shi ma a sake masa fuska, a rage «kawo ma'anar wannan», a yawaita «sa wannan a jumla». Muna fata Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, inda da yawanmu muka fito, za ta sa ɗalibanta masu zuwa koyon aiki su riƙa shirya darasi a haɗe tun daga can, don kada su zo su tarar da tsohuwar al'ada su ɗauka ita ce sana'ar. Tun 2023 mutumin da ya taɓa shugabantar ƙungiyarmu ta ƙasa, Kauran Gwandu, shi ke riƙe da jihar nan. In akwai lokacin da maganar cikin aji za ta sami kunnen da ya san ƙurar alli, to yanzu ne, kuma shugabannin reshe za su kai ta a rubuce.

Iyaye kuma, ku da wannan takarda take isa gare ku ta hannun mazajenku da matanku da 'yan'uwanku, kuna da rawar takawa ko da ba ku jin Turanci. In yaro ya dawo ya ce yau an ba su kalmomi, kada ku tsaya ga tambayar nawa ya haddace. Ku ce ya ɗauki ɗaya ya yi muku magana da ita, ya kuma fassara muku abin da ya ce. In ya yi shiru, ku aiko mana da littafin nasa. Malaman harshe kuwa, na Turanci da Hausa da Larabci da Faransanci, muna roƙon kowa ya zo taron reshe na gaba da littattafan insha'i biyar na ajinsa da kwafin tsarin aikin zangon da aka ba shi. Za mu zauna mu ƙirga kurakuran tare, mu ware waɗanda suka fito daga ɗabi'ar kalma, mu haɗa lissafin da wasiƙar da za a kai.